Jirgi mai inji biyu: gudun da dillali ke faɗa da gudun da ruwa ke yarda da shi

Ƙungiyar masunta da masu fito ta ƙauyenmu da ke bakin dam ɗin Tiga ta yi shekara biyu tana tara kuɗi domin sayen jirgin faiba. Ana cikin haka wani dillali ya turo bidiyo daga Legas: jirgi mai tsawon ƙafa 23, ɗan kwatano, an ɗaura masa tsofaffin injinan Yamaha Enduro guda biyu, kowanne mai ƙarfin doki 40. Ya ce jirgin yana yin kilomita 80 a awa. Da yake gyaran injin ban-ruwa da na jirgi ne sana'ata, sai aka kira ni ƙofar gidan Sarkin Ruwa bayan la'asar. Ga abin da aka tambaye ni da abin da na amsa, ko zai amfani wasu a Ƙaraye, Bagwai ko kwarin Haɗeja da ke da irin wannan niyya.

Sarkin Ruwa ne ya fara: Malam, kilomita 80 ɗin nan gaskiya ne?

Ranka ya daɗe, ba gaskiya ba ne, kuma ba sai mun je Legas za mu gane haka ba. Biro da takarda sun isa.

Kowace farfela tana da abin da nake kira takunta, wato nisan da za ta tura jirgi gaba a juyi ɗaya in da ruwa ba ya zamewa, kamar yadda noti ke shiga katako. Ana auna shi da inci, kuma a jikin farfelar yake rubuce. Injin nan mai doki 40 an ƙera shi ya yi juyi 4,500 zuwa 5,500 a minti ɗaya idan aka murza totur har ƙarshe. Giyar da ke ƙafarsa, wato ɓangaren injin da ke shiga ruwa, tana raba juyin biyu, inji ya juya sau biyu farfela ta juya sau ɗaya. To mu ɗauka inji yana juyi 5,000, farfela tana 2,500, takunta inci 13. A minti ɗaya ta ci mita 825 ke nan, a awa kilomita 49 da rabi. Amma ruwa ba katako ba ne, yana kufcewa. A jirgi mai lafiya da kaya kaɗan, ana asarar kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari. Saura kilomita 42 zuwa 44.

Ko da an sa farfela mai taku 15, inji ya kai ƙarshen juyinsa na 5,500, abin da za a samu bayan zamewa wajen kilomita 55 ne. Kafin a kai 80 da wannan giya, sai an sa farfela mai taku inci 22, kuma doki 40 ba zai iya juya ta yadda ya kamata a jirgi mai wannan girma ba.

Amma ai inji biyu ne. Ba sai gudun ya ninku ba?

Wani matashi ne ya yi wannan tambaya, kuma ita ce ke cikin ran kowa. Na ce masa, ƙanena, ka taɓa ganin shanun huɗa biyu sun yi saurin da ya ninka na sa ɗaya? Taku ɗaya suke yi. Abin da na biyun ya ƙara shi ne ƙarfin jan garma a ƙasa mai tauri.

Haka yake a ruwa. Farfela biyu masu taku 13 da ke juyi 2,500 iyakarsu ɗaya da ta farfela guda. Amfanin inji na biyu shi ne kowanne ya samu sauƙin kaya, zamewa ta ragu, sannan a samu damar sa farfela mai taku babba. Masu ƙera jirage suna da lissafin da suka daɗe suna aiki da shi: idan jirgi ya riga ya hau saman ruwa, ninka ƙarfin inji yana ƙara gudu da kusan kashi 40 cikin ɗari ne kawai. Mai yin 35 da inji ɗaya zai kai wajen 49. A aikace ma ba ya cika kaiwa, domin inji na biyu ya zo da nauyinsa, kilo 70 da ɗoriya, ga ƙafarsa da ke jan ruwa. Shi ya sa sau da yawa inji ɗaya mai doki 75 ko 85 yake kamo masu 40 guda biyu, ko ya wuce su, kuma bai sha mai kamarsu ba.

Mene ne hawa saman ruwa da kake ta ambata?

A nan maganar take, don haka a yi haƙuri in ɗan tsawaita.

Jirgi tafiya iri biyu yake yi. Ta farko yana nutse yana keta ruwa da ƙirjinsa, irin tafiyar kwale-kwalenmu na katako. A wannan tafiya tsawon jirgi ne ke yanke masa gudu, domin yana tayar da igiyar ruwa a gabansa da bayansa, shi kuma yana zaune a tsakaninsu kamar a kwari. Jirgin da tsawonsa a kan ruwa ya kai ƙafa 25 yana tsayawa wajen kilomita 12 a awa, mai ƙafa 36 wajen 15. Siririn kwale-kwale yakan ɗan haura haka. Daga nan duk man da aka ƙara, hanci ne zai ɗaga sama, gindi ya nutse, igiya ta yi girma a baya, gudu bai ƙaru da wani abin kirki ba.

Ta biyu ita ce idan cikin jirgi shimfiɗaɗɗe ne, ba shi da nauyi, inji kuma yana da ƙarfin da zai haye wannan igiya. Sai ka ji hancin ya sauko, jirgin ya ɗago yana sulɓi a sama, ƙarar inji ta washe. Duk wani babban gudu da ake faɗa daga nan yake farawa.

Bidiyon dillali mutum biyu ne a cikin jirgin, babu kaya. Mu kuwa ranar kasuwa za mu ɗora buhunan masara, babur, akuyoyi da mutane. A ƙiyasina, jirgin nan da mutum biyu zai yi 45 zuwa 50 in injinan suna da lafiya. Da mutum takwas ko goma zai sauko 30 da wani abu. Idan aka loda masa kayan kasuwa, zai iya kasa ɗagowa sam, ya koma tafiyar kwale-kwale ta 12 zuwa 15, alhali injinan biyu suna kururuwa suna shan mai kamar ana tsere. Tsakanin ɗagowa da rashin ɗagowa wani lokaci buhu uku ne, ko kuma inda aka zaunar da mutane. Na sha ganin jirgi ya ƙi hawa, aka ce mutum biyu su matsa gaba, nan take ya hau.

Tsufan inji yana rage gudu sosai?

Yana ragewa, amma tsufan jirgin kansa ya fi ba ni tsoro. Jiragen faiba da yawa akwai soso a ƙarƙashin daɓensu domin kada su nutse. Shekara da shekaru ruwa yana shiga ta tsaga, soson ya sha ya ƙoshi, jirgi ya riƙa yawo da nauyin da ido ba ya gani. Allon baya da ake ɗaure inji a kai kuma katako ne a cikinsa; idan ya ruɓe, za ka ga yana lanƙwasa in ka danna ƙafar inji.

A inji kuwa, a auna matsin kowace silinda da agogon awo. Idan ɗaya ta bambanta da 'yar'uwarta da fiye da kashi 10 cikin ɗari, ringi ko fistin sun ci. A kwance noti na ƙasa a ga man giya: in ya fito fari kamar madara, ruwa ya shiga, galibi saboda zaren koma ko na mamari ya naɗe a sandar farfela ya yanka sil, wato robar da ke tare ruwa. A duba robar famfon ruwa, domin yashi ne ajalinta, kuma ita ce ke hana inji ƙonewa. Farfela mai lanƙwasa ko gutsurarren baki tana cin gudu fiye da yadda ake zato. Akwai kuma robar da ke tsakiyarta. Idan ta saki, inji zai yi ihu jirgi yana tsaye.

Wani abu da ba a cika kawowa ba: Legas a bakin teku take, mu kuma muna sama da ita da kusan mita 500. Inji yana rasa kusan kashi 3 cikin ɗari na ƙarfinsa a duk hawan mita 300, saboda iska tana yin sauƙi. Kashi 5 ya tafi ke nan tun kafin ya taɓa ruwanmu, ga zafin Afrilu da ke ƙara rage masa numfashi.

Idan muka sa farfela mai taku babba fa?

Daidai yake da hawa tudu a kan keke da babbar giya. Duk inci ɗaya da aka ƙara yana sauke juyin inji da 150 zuwa 200. Idan da kayan da kuka saba ɗauka inji bai kai 4,500 ba, ana shaƙe shi ne, zai yi zafi, fulogi ya yi baƙi, fistin ya lalace. Ga jirgin fito ni 11 ko 12 zan zaɓa. Kuma farfelolin biyu su zama iri ɗaya, kada ɗaya ta ja ɗaya ta bi.

Wani ya ce a Legas akwai jirage masu injin mota a ciki da ke gudu kamar iska.

Akwai. Kamfanin Volvo Penta ya fito da tsarin inji a ciki, ƙafa a waje a 1959, MerCruiser na Amurka ya biyo baya a 1961. Tsofaffin jiragen shaƙatawa masu ƙafa 28 zuwa 30 da injin lita 5.7 guda biyu, kowanne doki 260, galibi kilomita 55 zuwa 70 suke yi, domin nauyinsu tan uku ne zuwa sama. Doki 520 ke nan, kuma da yawansu ba su kai 80 ɗin da aka yi mana alkawari da doki 80 ba. Ba jirgin ruwanmu ba ne. Suna shan fiye da lita 100 a awa idan aka sake su, kayan gyaransu babu a Kano, ƙafarsu kuma tana son zurfi. A kwarin Haɗeja, inda kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, ko ƙaramin inji sai an yi ta ɗagawa ana cire ciyawa.

Ma'ajin ƙungiya ya ce: ni mai ne damuwata.

Alhaji, ka taɓo inda ke ciwo. Injin da ake haɗa wa fetur da baƙin mai, mai doki 40, yana shan lita 15 zuwa 20 a awa in aka murza shi duka. Biyu, lita 30 zuwa 40. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kowa ya san abin da jarka ɗaya ke nufi a kuɗin fito. Idan jirgi ya hau ruwa, a sassauta totur zuwa inda zai ci gaba da sulɓi ba tare da ya faɗo ba, wajen juyi 4,000. Gudu zai ragu kaɗan, shan mai ya ragu da yawa. Mafi asara ita ce tafiyar tsaka-tsaki, hanci a sama, ba a hau ba ba a sauka ba.

Ta yaya za mu auna kafin mu biya?

Kada a dogara da agogon gudun da ke jikin jirgi. Da matsin ruwa yake aiki ta wani siririn bututu, kuma a tsohon jirgi yakan toshe ko ya ƙara. Wayar hannu mai GPS ta fi shi gaskiya. A cika tanki, a ɗora mutane ko jarkokin ruwa daidai nauyin da za a riƙa ɗauka, jarka mai lita 25 kilo 25 ce. A tafi a dawo a kan layi ɗaya, a haɗa gudun biyu a raba, saboda iska da jan ruwa. A tafi da ƙaramin agogon juyi da ake naɗa wayarsa a wayar fulogi, a ga abin da kowane inji ke yi. A riƙe su a ƙarshen totur na minti biyar. Mai ciwo zai nuna kansa.

Na roƙi jama'a abu ɗaya a wurin. Duk wanda ke nan ya tuna ranar 30 ga Nuwamban 2021, lokacin da jirgi ya kife a ruwan Watari da ke Bagwai, aƙalla mutum 29 suka rasu, mafi yawansu yara 'yan Islamiyya da ke hanyar zuwa Mauludi. Lodi ya yi wa jirgin yawa. Inji biyu yana sa mai fito ya ji kamar zai iya ƙara mutum biyar, alhali inji bai ƙara wa bakin jirgi ko yatsa ɗaya a kan ruwa ba, sai ma danne gindinsa da ya yi. Kuɗin rigunan kariya a cire su daga asusun tun kafin a fara ciniki.

Wani dattijo da bai yi magana ba tun ɗazu ya ce: to ɗana, in ba gudu, mene ne amfanin na biyun?

Baba, amfaninsa dawowa gida. Tiga ba kududdufi ba ne, faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 178, kuma hadarin damina yakan taso da yamma ba sallama. In inji ɗaya ya mutu a tsakiya, a ɗage ƙafarsa daga ruwa, a tafi da ɗayan a hankali. Jirgin ba zai hau ba, kilomita 10 zuwa 12 zai yi, kuma kada a matsa masa, domin farfelarsa ta yi masa nauyi shi kaɗai. Amma wannan amfani ba ya samuwa sai kowane inji yana da tankinsa, tiyonsa da matatarsa daban. In tanki ɗaya suke sha, aka yi rashin sa'a man bakin hanya ya zo da ruwa ko datti, tare za su mutu. Don haka na ce wa ma'aji ya rubuta tanki biyu, fulogi huɗu na ajiya, farfela ɗaya da robar famfo biyu a cikin lissafin, sannan a gaya wa dillali za mu turo mutum biyu su hau jirgin da jarkoki talatin kafin a yi maganar kuɗi.