Me ake nufi da matakan Piaget?

Duk wanda ya yi kwalejin ilimi ya ji sunan nan Piaget, wasu ma haddacewa kawai suke yi su ci jarrabawa. Matakan Piaget bayani ne kan yadda tunanin yaro yake girma daki-daki, wato ba ƙarancin sani kaɗai ya raba yaro da babba ba, yadda yake tunanin ma daban ne.

Jean Piaget mutumin Suwizalan ne, an haife shi a Neuchâtel a 1896, ya rasu a Geneva a 1980. Asali ma katantanwa yake nazari, a kansu ya yi digirin dakta a 1918. Sai da ya je Paris yana aikin gwajin basirar yara sannan ya lura yara sa'annin juna kuskure iri ɗaya suke yi, sai ya daina damuwa da wa ya ci wa ya faɗi, ya koma tambayarsu me ya sa ka ce haka. Har 'ya'yansa uku ya riƙa sa wa ido yana rubutawa.

Matakan huɗu ne. Daga haihuwa zuwa shekara 2 jariri da baki da hannu da ido yake sanin duniya, a watannin farko in ka rufe abin wasansa da zani to a wurinsa ya ɓace kenan. Shekara 2 zuwa 7 kuwa nan ne abin ya fi burge ni. Ka zuba ruwa daidai a kofi biyu iri ɗaya, yaro ya yarda daidai suke, sai ka juye ɗaya cikin dogon kofi siriri a gaban idonsa, wallahi cewa zai yi na dogon ya fi yawa, don tsayin kawai yake kallo, bai iya mayar da ruwan baya a ransa ba tukuna. Daga 7 zuwa 11 ya gane wannan amma sai yana ganin abu ko yana taɓawa. Wajen shekara 12 ne yake fara iya tunanin "da a ce kaza ne, da me zai faru".

Ba duka aka yarda da shi ba fa, binciken da aka yi daga baya ya nuna jarirai na gane wasu abubuwan da wuri fiye da yadda ya zata, wani masanin ɗan Rasha mai suna Vygotsky kuma ya fi ba harshe da taimakon manya muhimmanci. Amma ni abin da ke ci mini rai shi ne malami ya rubuta wa ɗan shekara 5 lissafi a allo, babu tsakuwa babu murfin kwalba da zai ƙirga da hannunsa, in ya kasa a ce daƙiƙi ne har a zane shi.