Auna ƙwazon 'yan shinge wajen kare mai jifa a ƙwallon Amurka

A ƙwallon ƙafa irin ta Amurka, 'yan shinge su ne mutum biyar da ke jeruwa a gaban kwatabak, wato mai jifan ƙwallo: senta a tsakiya, gad biyu a hagu da damansa, sai takul biyu a bakin layi. Idan ƙungiya ta zaɓi yin jifa, aikinsu shi ne su tare maharan abokan hamayya har ƙwallo ta bar hannun kwatabak. Auna ƙwazonsu yana da wuyar gaske, domin ɗan shinge ba ya jifa, ba ya cafewa, ba ya cin maki. Ranar da ya yi aikinsa daidai, mai sharhi ko sunansa ba zai ambata ba.

Ƙirgen sak da matsi

Ma'aunin da aka fi sani shi ne sak, wato a kayar da kwatabak a bayan layin da aka fara wasa daga kansa, ƙwallo na hannunsa. NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka, ta fara rubuta shi a hukumance a 1982, amma da sunan maharin da ya yi kayen. Wanda aka wuce ta kansa ba ya cikin littafin hukuma. Ko an ƙirga masa, adadin ya yi kaɗan a yanke hukunci da shi. Takul yana iya tsayawa tare mahari sau 600 a kaka guda, a same shi da sak biyar ko shida, kuma biyu daga ciki ƙila abokinsa ne ya taka masa ƙafa. Ga kuma hannun kwatabak a ciki: mai saurin sakin ƙwallo yana rufa wa raunin shinge asiri, mai riƙe ta yana shafa wa gwanaye baƙin jini. David Carr na Houston Texans ya sha kaye sau 76 a 2002, adadin da ba a taɓa kaiwa ba a kaka guda, kuma alƙalumman kaɗai ba za su faɗi kason shingen da nasa kason ba.

Shi ya sa masu nazari suka koma ƙirga matsi, wanda ya haɗa sak, da dukan kwatabak lokacin da yake sakin ƙwallo, da tilasta masa yin jifa ba shiri ko barin gurbinsa. Matsi ya ninka sak yawa, don haka ya fi nuna halin ɗan wasa daga kaka zuwa kaka. Ana raba shi da yawan zubin jifar da mutum ya buga (zubi shi ne wasa guda daga miƙa ƙwallo zuwa tsayawar wasa), a fitar da kaso cikin ɗari. A kan haɗa da laifuffuka: riƙo yana jawo komawa baya yadi 10, motsi kafin a fara zubi yadi 5. Sau da yawa riƙo shaida ce cewa an riga an wuce mutum, ya ga gara tara da sak.

Manyan ma'aunai biyu

Kamfanin Pro Football Focus, wanda Neil Hornsby ya kafa a Ingila, yana sa mutane su kalli bidiyon kowane zubi su ba kowane ɗan wasa maki daga −2 zuwa +2, sannan a mayar da jimillar kan sikelin 0 zuwa 100. Amfaninsa shi ne yana kama ɗan shingen da aka wuce nan take ko da ƙwallo ta fita kafin maharin ya iso. Rauninsa kuwa, mai ba da makin ba ya cikin ɗakin koci, hasashen aikin da aka ba kowa yake yi.

A 2018 tashar wasanni ta ESPN ta fito da nata ma'aunin, wanda ya dogara da na'urorin bin sawu da ke cikin sulken kafaɗar 'yan wasa, masu aiko da inda kowa yake sau 10 a daƙiƙa. Ƙa'idar a taƙaice take: wanda ya riƙe maharinsa daƙiƙa 2.5 ko fiye ya ci, wanda aka kuɓuce masa kafin nan ya faɗi. Wannan ya cire laifin kwatabak mai jinkiri daga wuyan shinge. Sai dai na'urar ɗigo take gani yana motsi a fili, ba ta ganin hannu, shi ya sa ma'aunan biyu kan saɓa a kan mutum ɗaya.

Abin da mai kallon bidiyo ke dubawa

Ana amfani da hoton da aka ɗauka daga bayan fili, inda tazarar da ke tsakanin mutum biyar ke fitowa sarai. Farko ƙafa: takul yana ja da baya da ƙafar waje, ta ciki na biye a ƙasa-ƙasa, ba ya harɗe su. Idan ya zurfafa da yawa don tsoron mai gudu ta waje, ya buɗe ƙofar ciki, wadda ita ce gajeriyar hanya zuwa kwatabak. Idan ya juya ƙugunsa wajen gefen fili da wuri, ya ba mahari kwanar zagayawa.

Sai hannu. Tun canjin doka na 1978 aka yarda 'yan shinge su miƙe hannuwa da tafi a buɗe, kuma yanzu rabin sana'ar a nan take. Ana son duka ya sauka a ƙirjin mahari, gwiwar hannu a matse, a daidai lokacin da ya shigo. Mai saurin kai hannu a kaɗe masa shi, mai jinkiri a shige masa ƙirji. Kamar a kokawa, wanda ya fi yin ƙasa ya kuma riga shiga ciki shi ke juya ɗan'uwansa. Wanda ke lanƙwasa ƙugu maimakon gwiwa, kansa ya wuce yatsun ƙafarsa, da an fizge shi gaba zai kife. Na uku shi ne turjiya: idan ƙato mai kilo 140 ya tunkaro shi kai tsaye, taku nawa zai ja kafin ya kafe? Gad ɗin da aka tura har jikin kwatabak ya lalata jifar, ko da ba a wuce shi ba.

Laifin wa, kuma da wa aka kara

Kafin a fara zubi, senta ko kwatabak yakan nuna ɗan tsaron tsakiya da za a yi lissafi daga kansa. Daga nan ko dai kowa ya ɗauki mutum, ko shinge ya zame gefe ɗaya kowa ya tsare rata, ko a haɗa biyun. Idan mahara sun fi masu tarewa yawa, wanda ya shigo babu mai tare shi na kwatabak ne, shi zai saki ƙwallo da wuri. Idan mahara biyu suka yi musayar hanya, ɗaya ya kutsa ɗaya ya zagayo ta bayansa, dole gad da takul su miƙa wa juna mutum suna kan layi ɗaya. Wanda aka gani yana bin mahari a baya ba lallai shi ya yi kuskuren ba.

Nauyin aikin ma ba ɗaya ba ne. Takul yakan tsaya shi kaɗai da mafi gudun mahara, senta kuwa sau da yawa yana da mai taya shi, don haka ba a kwatanta alƙalummansu kai tsaye. Masu nazari kan ware zubin da aka yi kamar za a gudu da ƙwallo sannan aka jefa, da gajeren jifa na tarko inda ake barin mahara su shigo da gangan, da wanda ƙwallo ta fita ƙasa da daƙiƙa 2, da wanda mahara ba su kai huɗu ba, su auna mutum a kan ragowar. A nan ake gane wanda tsarin koci ke ɓoyewa ta hanyar turo masa ɗan baya, wato mai gudu da ƙwallo da ke tsayawa kusa da kwatabak, ya bangaje mahari kafin ya fita karɓar jifa. Gasar nazarin bayanai ta NFL, Big Data Bowl, ta 2023 ta ɗauki wannan batu kacokan, inda aka ba masu shiga bayanan bin sawu na makonni 8 na farkon kakar 2021 su ƙirƙiro sabbin hanyoyin auna 'yan shinge da maharansu a zubin jifa.