Ticuna Ba Mutanen Daji Ba Ne Da Suka Kusa Ƙarewa

Da an ambaci 'yan asalin Amazon, sai mutane su hango 'yan tsiraru tsirara a ƙungurmin daji, waɗanda ba su san duniya ba. Wannan zato ba ya kan Ticuna.

Suna zaune ne a gaɓar kogin Solimões, wani sashe na kogin Amazon, inda Brazil da Kolombiya da Peru suka haɗu, wasu ma dab da biranen Tabatinga da Leticia. Ƙidayar Brazil ta 2010 ta same su fiye da dubu 40, kuma ba ƙabilar asali da ta kai su yawa a Amazon ɗin Brazil. Suna da makarantu da malamai 'yan ƙabilar, ga gidan tarihinsu, Magüta, a garin Benjamin Constant.

Zaman kusa da birni bai sa sun yar da al'ada ba. Harshensu, mai karin sauti kamar Hausa, yara na tashi da shi. Bikin balagar 'ya mace ma yana nan: a killace yarinya, a shafe ta da baƙin ruwan 'ya'yan itacen jenipapo, masu rawa su fito da dodanni na ɓawon itace. A da tuge mata gashi ake yi, yanzu wasu iyalan da almakashi suke yankewa.