Waiwaye: tun kafin taron Nikiya ake rigimar littattafan Sabon Alkawari

Duk wanda yake leƙa mahawarar addini a Facebook ko TikTok ya san wannan maganar, don kusan duk wata sai ta dawo: wai Sarki Konstantin ne ya tara bishop-bishop a garin Nikiya a shekarar 325, suka zauna suka zaɓi littattafan da za a sa a Baibul, sauran kuma aka cinna musu wuta. Wani ya yi bidiyo, wani ya yi masa raddi, a kwana biyu ana zage-zage a ƙasan rubutu, sai a manta, sai kuma wani ya sake tono ta. Abun da ke ban mamaki shine ɓangarorin biyu duk a 325 suke tsayawa kamar nan duniya ta fara, alhali rigimar ta girmi taron da kusan shekara 180.

Shi taron Nikiya dai an san abun da ya tattauna. Rigimar wani limami ne na Iskandariya mai suna Ariyus kan matsayin Yesu a wajen Uba, sai batun ranar bikin Ista, sai dokoki 20 na tsarin coci, kuma dokokin nan suna nan har yau, babu ko ɗaya da ta jera littattafai. Labarin nan na cewa an zuba littattafai a gindin bagadi aka yi addu'a, na gaskiya suka hau sama na jabu suka zauna a ƙasa, a wani rubutu na ƙarni na 9 ya bayyana, wato sama da shekara 500 bayan taron, daga baya marubucin nan Voltaire na Faransa ya ƙara yaɗa shi a ƙarni na 18.

Farkon lamarin kam sananne ne, ba sai an ja shi ba. Kiristocin farko littafinsu shine na Yahudawa, akasari fassarar Girkanci da aka fara a Iskandariya tun ƙarni na 3 kafin haihuwar Yesu. Wasiƙun Bulus ne rubutu mafi tsufa a Sabon Alkawari, wajejen shekara ta 50 zuwa 60, kuma wasiƙu ne na gaske, ana matsala a Koranti ko Galatiya sai ya rubuto. Bisharar Markus yawancin masana suna sa ta wajen shekara ta 70, shekarar da aka rushe Haikalin Urushalima, Matiyu da Luka da Yohanna suka biyo baya kafin ƙarshen ƙarnin. Kowace ikkilisiya da abun da ya iso hannunta, wata tana da bishara ɗaya da wasiƙu uku, wata tana da fiye, ana kwafa da hannu ana aika wa juna. Har wajen shekara ta 120 akwai wani bishop, Fafiyas, da yake cewa shi ya fi yarda da abun da ya ji daga bakin rayayyun mutane a kan abun da ke cikin littattafai. Toh a irin wannan yanayin ba wanda ya damu ya ce ga jeri an rufe.

Sai ga Markiyon.

Mutumin Sinofe ne, wani gari a bakin Baƙin Teku, a ƙasar Turkiyya ta yanzu, mai jiragen ruwa ne kuma mai hannu da shuni. Ya iso birnin Rum wajen shekara ta 140 ya ba ikkilisiyar can kyautar sestas (kuɗin Rum na lokacin) 200,000, a lokacin da albashin sojan Rum na shekara guda yake wajen 1,200, kai ka lissafa. An karɓe shi hannu bibbiyu, sai da ya fara bayyana abun da ke ransa aka ga ba za a sha inuwa ɗaya ba, a 144 aka raba gari, kuma abun da ake ruwaitowa shine an mayar masa da kuɗinsa cif.

Me ya ce ne har haka? Shi Markiyon ya zauna ya karanta littattafan Yahudawa baƙi da baƙi, ya ƙi yarda da salon malaman zamanin na cewa wannan aya misali ce, waccan tana nuni ne ga Almasihu a ɓoye. Ya ce a'a, a karanta yadda aka rubuta. Da ya karanta haka sai ya ga Allahn da ke tambayar Adamu ina kake, ya ga wanda ya yi da-na-sanin halittar mutum kafin ruwan Tufana, ya ga wanda yake cewa a littafin Ishaya shi ke yin haske shi ke yin duhu, shi ke kawo salama da masifa. Sai ya yanke cewa wannan ba zai zama Uban da Yesu yake magana a kai ba. A wajensa alloli biyu ne, akwai mahaliccin wannan duniya mai shari'a da ramuwa, wanda bai ce mugu ne kai tsaye ba, mai tsananin adalci ne dai kawai, sannan akwai wani Allah baƙo mai alheri zalla wanda ba wanda ya san da shi sai da Yesu ya zo. Ya rubuta littafi guda yana jera abubuwan gefe da gefe: can ido a bakin ido, nan ka juya ɗaya kuncin, can Elisha ya la'anci yaran da suka yi masa ba'a namun daji suka yayyaga su, nan Yesu yana cewa ku bar yara ƙanana su zo wurina, can Joshuwa ya tsayar da rana don a ƙarasa yaƙi, nan Bulus yana cewa kada rana ta faɗi kuna cikin fushi. Ayar da yake yawan riƙewa ita ce ba a zuba sabon ruwan inabi a tsofaffin salkuna, da kuma itacen kirki baya haifar da mugun 'ya'ya.

A tuna fa da zamanin. Tawayen da Yahudawa suka yi wa daular Rum ƙarƙashin Bar Kokba ya ƙare ne a 135 da mummunar ɓarna, aka hana Yahudawa shiga Urushalima, kuma a lokacin mafi yawan masu shiga Kiristanci ba Yahudawa bane, mutane ne da ba su tashi da Attaura ba, ba su san kaciya da Asabar da dokokin abinci ba. In ka ce wa irin wannan mutumin ka ajiye tsohon littafin nan gaba ɗaya, ga Yesu ga Bulus sun ishe ka, ai ka sauƙaƙa masa. Shi ya sa maganar ta samu kunne da sauri.

Amma abun da ya fi shafar zancenmu shine matakin da ya ɗauka na gaba. Tunda ya jefar da littattafan Yahudawa, dole ya ba mabiyansa wani abu da za su karanta ranar Lahadi, sai ya haɗa musu littafi: bishara guda ɗaya, da wasiƙun Bulus guda 10, Galatiyawa a gaba saboda nan ne Bulus ya tsaya wa Bitrus ido da ido kan batun shari'a. Babu wasiƙu biyu na Timoti, babu Titus, babu Ayyukan Manzanni, babu Bitrus ko Yakubu ko Yohanna. Bisharar tasa kuwa tana kama da ta Luka amma ta fi gajarta, ba labarin haihuwa, ba Maryamu da komin dabbobi, ba jerin kakanni, tana buɗewa ne kawai da shekara ta 15 ta mulkin Kaisar Tibariyas, Yesu ya sauko Kafarnahum yana koyarwa. Hakan ya dace da aƙidarsa, don shi bai yarda Yesu ya ɗauki jiki na nama da jini daga wannan duniyar ba. A iya abun da tarihi ya adana, wannan shine karo na farko da wani Kirista ya ce ga littattafanmu, iyakarsu kenan.

Ko shafi ɗaya na rubutunsa bai tsira ba, duk abun da ake da shi daga bakin masu yi masa raddi ne, wannan kuma ya kamata mai karatu ya riƙe. Tartuliyan, wani marubucin Kirista na Kartaj, a Tunisiya ta yau, ya rubuta littattafai 5 cur a kansa wajen 207, yana bin bisharar Markiyon aya aya, shi ne ma ya yi masa baƙar maganar cewa da wuƙa yake aiki ba da alƙalami ba. Daga irin waɗannan raddin ne masana irin su Adolf von Harnack na Jamus, a littafinsa na 1921, suka sake harhaɗa yadda littafin yake. Har yanzu ana jayayya, mafi yawa na cewa Luka ya datse, wasu 'yan kaɗan na cewa wata tsohuwar bishara ya tarar wadda daga baya aka faɗaɗa.

Kuma kar a ɗauka ɗan ƙaramin gungu ne. Jastin, wani malamin Kirista da yake Rum a lokacin, ya rubuta wajen 150 cewa koyarwar Markiyon ta shiga kowace al'umma. Suna da bishop nasu, da coci nasu, da shahidai nasu, duk da tsananin da suke da shi na hana aure ga wanda aka yi wa baftisma. A wani ƙauye kudu da Dimashƙu an samu rubutun dutse na majami'ar Markiyonawa mai kwanan wata 318, shekara 7 kafin Nikiya kenan. A ƙarni na 4 bishop ɗin Urushalima yana gargaɗin matafiya cewa in sun shiga baƙon gari kar su tambayi ina ɗakin Ubangiji kawai, don kar a kai su na wasu.

Toh yanzu a dubi siffar Sabon Alkawarin da ya fito daga baya, za a ga kamar amsa ake bayarwa. Markiyon ya ce bishara ɗaya, Ireniyus bishop ɗin Liyon wajen 180 ya ce huɗu ne, ba ƙari ba ragi, har yana kafa hujja da kusurwoyin duniya huɗu da iskoki huɗu, hujjar da ni dai ban ga ƙarfinta ba, amma tana nuna cewa huɗun nan sun riga sun zauna a hannun jama'a. Ya ce Bulus kaɗai, sai aka riƙe Ayyukan Manzanni inda Bitrus da Bulus suke tafiya layi ɗaya, aka riƙe wasiƙun Bitrus da Yakubu da Yohanna. Ya ce a yar da littattafan Yahudawa, sai aka ɗaure su a gaba aka kira su Tsohon Alkawari, kuma Matiyu, wanda ya buɗe da jerin kakanni tun daga Ibrahim, shi aka sa farko. Wajen 170 Melito bishop ɗin Sardis har tafiya ya yi zuwa gabas don ya tantance littattafan tsohon alkawarin. Ba ina cewa Markiyon ne ya haifi komai ba, don tun kafinsa ana tara wasiƙun Bulus, kuma shi Jastin ɗin ya bayyana yadda ranar Lahadi ake karanta rubutun manzanni da na annabawa gwargwadon lokaci. Abun da Markiyon ya yi kamar mutum ne ya zo ya kafa shinge a gonar gado da ba a taɓa aunawa ba, daga ranar kowa a gidan sai ya nemo shaidar iyakarsa.

Ma'aunin da aka riƙa amfani da shi wajen karɓar littafi bai wuce uku ba: littafin yana da alaƙa da manzo, ana karanta shi a ikkilisiyoyi da yawa tun da, kuma ya dace da bangaskiyar da ake furtawa wajen baftisma. Akwai misali mai kyau wajen shekara ta 200. Serafiyon bishop ɗin Antakiya ya je wani gari, Rosus, ya tarar suna karanta wata bishara da ake jingina wa Bitrus, bai duba ba ya ce su ci gaba, da ya koma ya samu kwafi ya karanta ya ga tana karkata ga masu cewa Yesu bai sha wahala da gaske ba, sai ya aiko da wasiƙa ya janye izinin. Haka abun ya riƙa tafiya, gari gari, ba sarki ba soja, lokacin ma Kiristanci haramtacce ne a daular.

Sauran tafiyar a hankali ta zo. Akwai wani tsohon jeri da wani malamin Italiya, Muratori, ya gano a laburaren Milan ya buga a 1740, da yawa suna sa shi ƙarshen ƙarni na 2, yana da bishara huɗu da wasiƙun Bulus 13, ya ambaci Markiyon da suna yana ƙin rubutun mutanensa, amma babu Ibraniyawa babu Yakubu. Yusebiyus bishop ɗin Kaisariya, wanda shi kansa ya halarci Nikiya, ya kasa littattafai kashi kashi, ya sa Yakubu da Yahuza da Bitrus na biyu da Yohanna na biyu da na uku cikin waɗanda ake gardama a kai, Wahayin Yohanna kuma ya bar shi a tsakiya.  Abun da Konstantin ya yi shine wajen 331 ya sa a rubuta masa kwafi 50 na littattafai masu tsarki don cocin sabon birninsa. Kundin Sina'i, wani tsohon kwafin Baibul da aka rubuta a wannan ƙarnin, har yanzu yana ɗauke da Makiyayin Hermas da Wasiƙar Barnaba a ƙarshensa, littattafai biyu da babu su a Sabon Alkawari na yau, kuma wannan wasiƙar daban take da Linjilar Barnaba da ake yawo da ita a mahawara, wadda tsofaffin kwafinta na Italiyanci da Sifaniyanci ne na ƙarshen ƙarni na 16 zuwa sama.

Jerin littattafai 27 na Sabon Alkawari daidai yadda yake yau ya fara bayyana ne a wasiƙar Ista ta Atanasiyus bishop ɗin Iskandariya a 367, tarukan Hippo a 393 da Kartaj a 397 suka amince da shi a arewacin Afirka. Ko a nan ma ba kowa ya bi ba. Cocin Siriya ya daɗe yana karanta bishara huɗun a haɗe cikin littafi guda da Tatiyan ya tsara wajen 170, har ƙarni na 5 wani bishop ya tattara kwafi sama da 200 ya maye su da huɗun, kuma fassararsu ta Feshita littafi 22 ne da ita, ba Wahayi. Cocin Habasha yana lissafa littattafai 81 gaba ɗaya, Tsoho da Sabon Alkawari. Bambancin 66 na Furotesta da 73 na Katolika kuwa a Tsohon Alkawari yake, ya samo asali ne daga wane jeri za a bi, na Ibrananci ko na Girkanci, kuma Katolika ba su rufe nasu da doka ta ƙarshe ba sai a taron Trent a 1546.