Yis Halitta Ce, Ba Garin Sinadari Ba

Har yau masu tuyar masa da yawa a Bauchi suna ɗaukar yis ɗin da suke saya a kasuwar Wunti tamkar garin sinadari. Wannan kuskure ne babba. Yis halitta ce mai rai wadda ke cin sukarin ƙullu tana fitar da iskar da ke sa shi tashi, shi ya sa tafasasshen ruwa ke kashe ta, a wayi gari ƙullun bai motsa ba.

Saboda tana da rai ne masana ke sauya mata ƙwayoyin gado, su kiwata ta a manyan tankuna, ta riƙa haɗa furotin ɗin da ake buƙata. Ta haka aka samar da rigakafin ciwon hanta nau'in B da Amurka ta amince da shi a 1986.