Sankarar jijiyar jin ƙamshi

Sankarar jijiyar jin ƙamshi, wadda likitoci ke kira olfaktori niyurobilastoma, ƙari ne mai haɗari da ke tsirowa a can saman kogon hanci, daga fatar da ke ɗauke da ƙwayoyin jin ƙamshi da wari. Likitocin Faransa uku, Berger da Luc da Richard, su ne suka fara bayyana ta a 1924. Ba kasafai ake samun ta ba: kusan kashi 3 cikin 100 ce na ƙarin da ke fitowa a kogon hanci. Tana kama maza da mata, yara da manya, amma ta fi yawa ga masu shekara 40 zuwa 60.

Haɗarinta yana tattare da mazauninta. Tsakanin rufin hanci da ƙwaƙwalwa wani siririn ƙashi ne kawai, mai ƙananan huji kamar rariya, ta nan jijiyoyin ƙamshi ke ratsawa. Ƙarin yakan bi wannan hanya ya shiga ƙoƙon kai, ko ya karkata gefe ya shiga ramin ido.

Alamominta na farko su ne toshewar kafar hanci ɗaya, yawan haɓo da daina jin ƙamshi. In ta yi nisa sai ciwon kai, hawaye, turowar ido ko gani bibbiyu, wani lokaci da kaluluwa a wuya. A gari irin Kaduna, inda ƙurar hunturu ke sa mura da haɓo kowace shekara, da sauƙi mai wannan ciwo ya daɗe yana shan maganin sanyi. Abin lura shi ne gefe: mura kan toshe kafofin biyu ta kuma wuce, wannan kuwa kafa ɗaya take riƙewa, kullum ƙaruwa take. Duk wanda ya kwashe makonni a haka ya kamata likitan kunne, hanci da maƙogwaro ya leƙa hancinsa da na'ura. Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna tana da irin waɗannan likitoci, haka ma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, Zariya.

Hoton CT yana nuna ɓarnar da aka yi wa ƙashi, MRI kuma ya nuna ko ƙarin ya taɓa ƙwaƙwalwa. Amma tabbaci sai an ciri ɗan nama an duba a madubin likita. Can ake ganin ƙananan ƙwayoyi masu kewaye, shuɗɗa a rini, sun taru rukuni-rukuni cikin nama mai yawan jijiyoyin jini, wasu sun yi zobe. Wahalar ita ce wasu sankarorin hanci, irin su limfoma da melanoma, suna iya yin kama da ita, alhali maganinsu ya bambanta. Shi ya sa ake ƙara rini na musamman: ƙwayoyin sukan karɓi rinin da ke nuna sinadaran sinaftofaisin da kuromogiranin, wani sinadarin mai suna S100 kuma ya fito a ƙwayoyin da ke kewaye rukunin.

Ma'auni biyu ake amfani da su. Na Kadish, na 1976, yana duba yaɗuwa: A cikin hanci kaɗai, B ta shiga kogunan iska na ƙashin da ke kewaye da hanci, C ta wuce nan, a 1993 aka ƙara D ga wadda ta kai wuya ko wasu sassan jiki. Na Hyams, na 1988, yana auna tsananin ƙwayoyin daga mataki 1 zuwa 4.

Tushen magani tiyata ce, ko ta cikin hanci da na'ura ko ta buɗe fuska da ƙoƙon kai, galibi a bi ta da gashi, wato ƙona ƙwayoyin sankarar da hasken na'ura. Mai tsananin mataki akan ƙara masa kimoterafi, wato magungunan kashe ƙwayoyin sankara. Ciwon yana iya dawowa ko bayan shekara 10, don haka ba a sallamar majinyaci daga bibiya ko da ya ji garau.