Kafa Zagayen Naitirojin a Sabon Tankin Murjani na Ruwan Teku

Kafa zagayen naitirojin shi ne aikin farko da ake yi wa sabon tankin gilashi na ruwan gishiri kafin a zuba masa kifi ko murjani, wato ƙananan dabbobin teku da ke zama a manne a jikin duwatsu. Manufarsa ita ce a bar wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani su zauna a jikin duwatsu da yashi da matatar tankin, su hayayyafa har yawansu ya isa ya sarrafa dattin da dabbobi za su riƙa fitarwa kullum. Ruwan sabon tanki yakan yi garau tun ranar farko, kuma wannan hasken ne yake yaudarar sababbin masu kiwo, domin tsabtar da ido ke gani ba ta nuna cewa ruwan zai iya ɗaukar rai. Aikin yakan ci mako 4 zuwa 6 idan an fara da busasshen dutse, yakan kuma yi sauri idan an samu dutsen da ya riga ya zauna a wani tsohon tanki.

Yadda zagayen yake tafiya

Kifi yana fitar da mafi yawan dattinsa a matsayin amoniya ta sassan da yake numfashi da su, haka kuma ragowar abinci da duk abin da ya mutu a cikin ruwa yana ruɓewa ya zama amoniya. A teku ruwa mai yawa ne yake tsarma ta ya tafi da ita, amma a tanki mai lita 200 babu inda za ta je. Haɗarinta ya fi tsanani a ruwan teku fiye da ruwan kogi, saboda ma'aunin pH, wato ma'aunin tsamin ruwa (ƙaruwarsa na nufin raguwar tsami), na tankin murjani yakan tsaya tsakanin 8.1 da 8.3, kuma gwargwadon hawan wannan ma'auni da ɗumin ruwa, gwargwadon yawan kason amoniyar da ke cikin sigarta mai guba, wadda ke ratsa jikin kifi ta ƙona masa hanyar numfashi.

Rukunin farko na ƙananan halittun yana cin amoniya ya mayar da ita naitirait, rukuni na biyu kuma ya mayar da naitirait zuwa naitiret, wanda gubarsa ba ta kai ta amoniya ba ko kusa. Dukkan matakan biyu suna buƙatar iskar oksijin sosai, wajen miligiram 4.6 ga kowane miligiram ɗaya na naitirojin, kuma suna rage ƙarfin ruwan na tare tsami, shi ya sa ake barin famfo da na'urar motsa ruwa suna aiki dare da rana tun kafin a sa komai a ciki. Akwai mataki na uku da ke faruwa a can cikin ramukan dutse da ƙasan yashi inda iska ba ta kaiwa sosai: wasu bakteriya suna mayar da naitiret iskar naitirojin ta fice daga ruwan. Wannan mataki yana da jinkiri ƙwarai, kuma ba a jiransa kafin a ce tanki ya shirya.

Dalilin daɗewar aikin shi ne jinkirin haihuwar waɗannan halittu. Bakteriyar da ke ruɓar da abinci tana iya ninka yawanta cikin ƙasa da awa ɗaya, amma masu cin amoniya da naitirait sukan ɗauki kusan yini guda ko fiye kafin su ninka sau ɗaya. Ba sa kuma yawo a cikin ruwa, maƙalewa suke yi a jikin abu mai kaushi, saboda haka ɗebo ruwa kawai daga tsohon tanki ba ya kawo wani abin kirki daga cikinsu.

Abin da masana suka gano

Masanin Rasha Sergei Winogradsky ne ya bayyana waɗannan bakteriya a wajejen 1890, kuma daga aikinsa aka san sunayen Nitrosomonas da Nitrobacter, waɗanda littattafan kiwon kifi suka shekara da shekaru suna ambata a matsayin masu yin dukkan aikin. Bincike a shekarun 1990 ya nuna cewa a tankuna da yawa Nitrospira ce take sarrafa naitirait. A 2005 kuma aka wallafa gano wata halitta mai suna Nitrosopumilus maritimus, wadda aka ciro daga wani tankin ruwan teku a gidan kifaye na Siyatil a Amurka. Ita ba bakteriya ba ce ma, tana cikin rukunin akiya, wani jinsi dabam na ƙananan halittu, kuma tana iya rayuwa da amoniya ƙalilan irin wadda ake samu a tankin da ya kafu. Dogaro da dutse mai rai, wato dutsen da ƙananan halittu suka riga suka zauna a jikinsa, a matsayin babbar matata ya samu karɓuwa ne ta hanyar Lee Chin Eng na Jakarta a farkon shekarun 1960, daga baya kuma masu kiwo na Balin a Jamus suka haɗa shi da na'urar tace datti ta hanyar kumfa, tsarin da har yau ake kira da sunan birnin.

Hanyoyin farawa

Da farko ana haɗa ruwan da aka tace shi tas da gishirin teku na musamman har ya kai giram 35 a kowace lita, wato nauyinsa ya kai kusan 1.026 idan aka kwatanta da ruwa zalla, sannan a tsayar da ɗuminsa tsakanin digiri 24 da 26 a ma'aunin Salshiyas. Ruwan famfo ba ya dacewa, domin sinadarin kulorin da ake zuba masa yana kashe halittun da ake son rayawa, kuma yakan zo da fosfet da silika masu ciyar da gansakuka.

Dutse mai rai shi ne guntun tsohon murjani da ya zauna a teku ko a tanki har bakteriya da soson teku mai rai da ƙananan tsutsotsi suka cika ramukansa. Sa shi a sabon tanki kamar zuba ɗan tsohon nono ne a sabuwar madara domin ta kama. Sai dai wanda aka yi doguwar tafiya da shi yakan iso da matattun halittu a jikinsa. Idan aka shinshina shi za a ji warin ruɓaɓɓen ƙwai, a ga farin kumfa ko baƙin tabo inda soso ya mutu, kuma dole a goge wuraren da buroshi a jiƙa shi a wani mazubi ana sauya ruwa har warin ya koma irin na bakin teku. Busasshen dutse ya fi araha, ba ya shigo da ƙwari masu cutar da murjani, ba ya kuma sa a fasa tsibiran murjani na Fiji ko Indonisiya, amma yana zuwa babu rai ko kaɗan, don haka sai an haɗa shi da bakteriyar da ake sayarwa a kwalba ko ɗan dutse daga tankin da ya kafu.

Halittun suna buƙatar abinci. Hanya mafi tsabta ita ce a ɗiga ruwan amoniyam kulorayid har ma'auni ya nuna kusan miligiram 2 a lita. Wuce miligiram 5 yana iya danne masu sarrafa naitirait ya tsawaita aikin. Wasu suna jefa ɗanyen jatan lande guda a cikin raga su bar shi ya ruɓe, hanyar tana aiki amma ba a iya sanin yawan amoniyar da za ta fito. A da an saba sa kifin damsel mai juriya ya zama shi ne tushen amoniyar, kuma wannan al'ada ba ta da wata hujja a yau, domin azabtar da kifi ce a kan abin da kwalba ɗaya za ta yi.

Awo da sanin lokacin kammalawa

Ana auna ruwan duk bayan kwana biyu ko uku, a rubuta sakamakon. Amoniya ce take fara hawa, sannan ta sauka yayin da naitirait ke tashi, daga baya naitirait ya faɗi naitiret ya taru. Miligiram 1 na amoniya yana ba da kusan 2.7 na naitirait da 3.6 na naitiret, saboda haka manyan lambobi a matakan baya ba abin tsoro ba ne. Muddin akwai naitirait a ruwa, yawancin kayan awon naitiret sukan nuna adadin da ya wuce gaskiya. Naitirait kansa bai cika cutar da kifin teku ba, domin kulorayid ɗin da ke cikin gishiri yana tare masa hanyar shiga jini, amma saukarsa alama ce mai kyau. Gwajin da aka fi yarda da shi shi ne a sake zuba amoniya miligiram 1 zuwa 2 a lita, idan ta ɓace cikin awa 24 to matatar ta kafu, sai a sauya wani kaso na ruwan domin rage naitiret.

Bayan zagayen ya kafu

Yawan bakteriya yana bin yawan abincin da suke samu ne, don haka ana fara sa kifi ɗaya ko biyu, a jira mako biyu ko fiye kafin a ƙara. Da an kunna fitila, ƙura mai ruwan ƙasa takan rufe yashi da gilashi, wato dayatom masu cin silika, bayansu koriyar gansakuka mai gashi ko jan yauƙi su biyo, kuma dodon koɗi na ruwan teku yana taimakawa wajen cinye wasu daga ciki. Murjani masu taushi irin su Zoanthus suna iya shiga da wuri, amma masu ƙashi irin su Acropora suna buƙatar tankin da ya yi watanni da yawa, wanda kalsiyam ɗinsa ya tsaya kusa da miligiram 420 a lita kuma ma'aunansa suka daina hawa da sauka. Maganin kifi mai jan ƙarfe ba ya shiga tankin murjani ko kaɗan, kuma idan za a wanke soson matata, da ruwan tankin ake wanke shi.